Waya da Hannun Jirgi: Darasin 1955

Jirgin ƙasa mai aiki da lantarki yana shan wuta ne ta wani hannun ƙarfe da ke gogar wayar sama. Muddin suka rabu, sai tartsatsi ya tashi. A watan Maris na 1955 injiniyoyin Faransa suka kai jirgi gudun kilomita 331 a awa, amma zafin wuta ya narkar da hannun. Babbar matsalar ita ce, hannu yakan ɗaga waya ya tura kaɗawa gaba, kuma in jirgi ya kusa cim mata, haɗuwar takan lalace. Don haka a 2007 aka ƙara ɗaure wayar tamau domin kaɗawar ta tsere wa jirgi, har TGV ya kai kilomita 574.8. Ashe gudun jirgi a hannun waya yake.