Asalin Cinikin Tallafin Karatu a Jami'o'in Amurka

A yau ɗalibi a Amurka yakan jera takardun tallafin karatu da jami'o'i suka aiko masa, ya gwama su, sa'an nan ya nemi ƙari daga wadda tayinta ya gaza. Amma a manyan jami'o'in ƙasar, wannan dama ba ta daɗe da samuwa ba.

Tun daga shekarun 1950 wasu daga cikinsu, har da Harvard da Yale da MIT, suka riƙa zama kowace shekara a ƙungiyar da ake kira Overlap. Idan ɗalibi ya sami gurbi a biyu ko uku, sai su daidaita abin da iyayensa za su biya, ta yadda duk inda ya nufa kusan kuɗi ɗaya zai taras. Hujjarsu ita ce kada tseren janyo haziƙai ya cinye rabon marasa galihu.

A 1991 Ma'aikatar Shari'a ta kai tara daga cikinsu ƙara bisa zargin haɗa baki kan farashi. Takwas suka amince su daina, MIT kuwa ta ja daga, sai a 1993 aka sasanta. A 1994 Majalisar Dokoki ta yarje wa jami'o'in da ba su duba aljihun ɗalibi wajen ba shi gurbi su yi tarayya a ƙa'idar lissafi, ban da tattauna tallafin mutum guda. Wa'adin wannan izini ya ƙare a 2022.

Ta haka bambanci tsakanin tayi da tayi ya zama abin ciniki. Sai dai moriyarsa ta fi komawa ga iyalin da suka san ana iya tayawa.