Wutar Aro: Tarihin Lantarki a Nijar Tsakanin Kamfanoni da Siyasa

A farkon watan Agusta na shekara ta 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin da sojoji suka yi wa shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, Tarayyar Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, bisa ga takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba. A lokacin, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga can take fitowa. Tela da mai walda da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara, waɗanda ba su zauna taron Abuja ba, su ne suka fara ɗanɗana hukuncin. Wannan al'amari bai faɗo daga sama ba. Yana da tarihi na fiye da shekaru hamsin, kuma tarihin yana nuna cewa tun fil azal makunnin wutar Nijar yana hannun wasu da ke nesa da masu amfani da ita.

Lantarki ya shigo Yamai a farkon shekarun 1950, a hannun wani kamfanin mulkin mallaka mai suna Energie AOF, wanda SAFELEC ya gada daga baya. Injuna ne masu shan gazuwal, kuma ofisoshin gwamnati da gidajen Turawa da manyan kantuna aka fara ja wa waya. Sauran jama'a suna nan da acibalbal da fitilar ƙwai. Sai a shekara ta 1968, shekaru takwas bayan samun mulkin kai, aka kafa NIGELEC a matsayin kamfanin ƙasa. Amma ƙasar da ba ta da teku, wadda a lokacin sai an ɗauko mata mai daga tashar jirgin ruwa ta Kwatanu an yi tafiyar fiye da kilomita dubu, ba za ta iya samar da wuta mai rahusa da injin gazuwal ba.

A wannan shekara ta 1968 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka shata hanyar da aka bi daga baya. Na farko, Nijeriya ta kammala madatsar ruwa ta Kainji a bisa kogin Isa, wanda can ake kira Kwara. Na biyu, an kafa kamfanin SOMAIR domin haƙar ƙarfen uraniyum a Arlit, tare da hukumar makamashin nukiliya ta Faransa. An fara fitar da ƙarfen a 1971, sannan kamfanin COMINAK, wanda aka kafa a 1974, ya fara nasa aiki a Akuta a 1978.

Daga Kainji ne mafita mai sauƙi ta zo. A 1976 aka ƙaddamar da layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya kuma, a cikin shekarun 1990, wani layi ya taso daga Katsina ya ratso ta Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Wutar ruwa ta fi ta gazuwal arha nesa ba kusa ba, don haka a lissafin kuɗi shawarar tana da ma'ana. Jami'an Nijeriya kuma sun sha faɗa cewa sayar da wutar yana da alaƙa da buƙatarsu ta kada a datse kogin a sama, abin da zai rage ruwan da ke isa Kainji. Ke nan ƙasashen biyu kowace tana riƙe da wani abu na ƴar'uwarta: ɗaya tana da ruwa a sama, ɗaya tana da injuna a ƙasa. Sai dai wanda ke riƙe da makunni ya fi saurin aiwatar da nufinsa.

A arewa kuwa labarin daban ne. Ma'adinan Arlit da Akuta suna buƙatar wuta mai yawa, don haka aka kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙar gawayin Anu Araren, kusa da Cirozerin, kuma tasharsa ta fara aiki a 1981. A lokacin, mafi yawan wutar ma'adinai take tafiya, abin da ya rage ya je Agadas da Arlit. Ƙarfen da aka haƙo da wannan wuta shi ne aka riƙa kaiwa Faransa, ƙasar da ta wayi gari tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga nukiliya. Farashin ƙarfen ma ya zama maganar siyasa tun da wuri. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara kuɗin uraniyum, ana cikin tattaunawa da Faransa sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi ranar 15 ga Afirilu 1974, a lokacin da fari da yunwa suka galabaitar da ƙasa. Masana tarihi har yau suna muhawara a kan nauyin kowane dalili. Abin da ba a musu a kansa shi ne, kuɗin uraniyum na ƙarshen shekarun 1970 sun gina manyan gine-gine a Yamai, amma ba su kai waya zuwa ƙauyuka ba, kuma da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980 ƙasa ta shiga bashi.

Akwai wata hanya ta uku wadda wani ɗan ƙasa ya nuna tun da wuri. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, malamin kimiyyar fiziya, ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana, wato ONERSOL, daga 1969. A ƙarƙashinsa an ƙera tukwanen dafa abinci da na'urorin ɗuma ruwa da na tace shi, duk da zafin rana. A wancan zamani ma an gwada kunna akwatunan talabijin na makarantun ƙauye da allunan hasken rana. Amma allunan suna da tsada ƙwarai a lokacin, kuma da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, bincike ya rasa mai ɗaukar nauyinsa. Abdou Moumouni ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Suna ya tabbata, aikin kuwa ya yi jiran shekaru.

Shekarun 1990 da na 2000 sun zo da sabon salo: Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka matsa a sayar da kamfanonin gwamnati. A 2001 rarraba ruwan sha a birane ya koma hannun SEEN, wanda kamfanin Vivendi na Faransa yake da rinjaye a ciki, SONITEL kuma aka sayar wa haɗin gwiwar ƴan Sin da ƴan Libiya. An sanya NIGELEC a cikin jerin, amma cinikin bai faɗa ba. A nan ne kuma talakawa suka nuna cewa takardar kuɗin wuta ma fagen siyasa ce. A 2005, da gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, har da ruwa da wuta, ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa suka kira zanga-zanga da zaman gida a watan Maris. Kasuwanni suka rufe a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, aka kama jagorori, daga ƙarshe a watan Afirilu gwamnati ta janye harajin daga wasu kayayyaki, ta kuma sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta.

Madatsar Kandaji, wadda ake maganarta tun shekarun 1970, ita ce alkawarin da kowace gwamnati take sabuntawa. Tandja ya aza harsashinta a 2008. An ba wani kamfanin Rasha aikin, aka soke kwangilar a 2013, kamfanin Gezhouba na Sin ya ci gaba da shi a 2019, shi ma ya dakatar da aiki a 2023 da masu ba da kuɗi suka janye bayan juyin mulki. A tsakani an buɗe tashar gazuwal ta Goru Banda a 2017, da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018. Duk da haka, a farkon shekarun 2020, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da lantarki a Nijar, kuma mafi yawansu a birane suke.

A cikin wannan gibi ne jama'a suka ƙirƙiro dabarunsu. Fitilar batir ta ƙasar Sin ta kori fitilar kananzir daga ɗakuna. Da wayar salula ta bazu bayan 2001, sana'ar cajin waya ta bayyana a kowace kasuwar ƙauye, da ƙaramin janareta ko allon rana guda a bisa rumfa. Ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC da bakaloreya suka saba da karatu a gindin fitilun kan titi. A watan azumi idan ya faɗo cikin bazara, farashin ƙanƙara shi ne ma'aunin da magidanci yake gane halin da NIGELEC yake ciki, ba sai ya saurari sanarwa a rediyo ba.

Katsewar 2023 ta ɗauki kimanin watanni bakwai. CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, wuta ta dawo daga Nijeriya a watan Maris. A cikin waɗannan watanni, tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, wadda Faransa da Tarayyar Turai suka ba da mafi yawan kuɗin gina ta, ta fara aiki ta rage wa Yamai raɗaɗi, masu hali kuma suka ruga sayen allunan rana da batura. COMINAK ya riga ya rufe tun 31 ga Maris 2021. Hukumomin soja suka karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano a Yuni 2024, suka mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yuni 2025.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma tarihin lantarki a Nijar ya gaskata maganar. Amma ya nuna wani abu kuma: mallakar kamfani kaɗai ba ta kai wuta gida. NIGELEC na ƙasa ne tun 1968, duk da haka yawancin ƙauyukan Adar da Gobir da Damargu suna kwana cikin duhu. Tambayar da ta dace malami ya sa wa ɗalibansa, ƙungiya kuma ta sa wa magabata, ita ce: wa ke yanke shawarar inda waya za ta bi, da wane farashi, kuma wa zai iya tuhumarsa in ya saɓa? Mutanen 2005 sun yi wannan tambaya a kan titi sun samu amsa. Ranar da Abdou Moumouni ya dogara da ita kuwa tana nan tana fitowa kowace safiya a bisa rufin kowace makaranta, kuma farashin allunanta ya sauko ƙasa da yadda ya taɓa gani a rayuwarsa.