Yadda kwamfuta ke zaƙulo suna daga cikin miliyoyin bayanai

Binciken rubutu a manyan jadawalan bayanai shi ne dabarar da masu rubuta manhajar kwamfuta ke bi domin nemo suna, kalma ko guntun kalma daga cikin miliyoyin layuka cikin ɗan lokaci. Rajistar masu zaɓe da kundin ɗalibai da na 'yan fansho duk sun dogara a kanta. Idan binciken ya gaza, mutum yana cikin rajista amma a ce masa babu sunansa.

Rajistar da Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ta yi aiki da ita a zaɓen 2023 na ɗauke da mutum 93,469,008, kuma 4,335,208 daga cikinsu a Jihar Kaduna suke.

Bi layi-layi ko fihirisa

Hanya ta farko ita ce kwamfuta ta karanta jadawali tun daga layin farko har na ƙarshe, abin da ke ƙara cin lokaci gwargwadon ƙaruwar bayanai. Ta biyu ita ce a tanadi fihirisa, wato jerin sunayen bisa tsarin abacada, kowane da alamar inda yake. A jeri irin wannan, kwamfuta na raba abin da ya rage gida biyu a kowane mataki, ta yadda matakai kusan 27 sun isa a cimma suna guda cikin miliyan 93. Yawancin rumbunan bayanai na amfani da fihirisa mai rassa da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970.

Sai dai wannan fihirisa na aiki ne idan an san farkon kalma. Wanda ya nemi sunayen da suka fara da "Kafan" zai samu amsa nan take, wanda kuma ya nemi masu ɗauke da "chan" a tsakiya ko a ƙarshe zai tilasta wa kwamfuta bin kowane layi. Maganin wannan shi ne fihirisar haruffa uku-uku, irin wadda ake samu a manhajar PostgreSQL. Tana yayyanka Kafanchan zuwa kaf, afa, fan, anc, nch, cha da han, ta adana kowane guntu da layukan da ya bayyana a ciki.

Sunayen Kudancin Kaduna

A Kudancin Kaduna, wuri guda kan zo da rubutu fiye da ɗaya: Kafanchan da Kafancan, Jema'a da Jama'a, Zangon Kataf da Zangon Katab. A wurin kwamfuta, kowane rubutu suna ne daban. Ana magance wannan da ma'aunin da masanin lissafi Vladimir Levenshtein na Tarayyar Sobiyet ya wallafa a 1965, wanda ke ƙirga haruffan da za a ƙara, a cire ko a musanya kafin kalma ta koma wata. Tazarar da ke tsakanin kowane biyu daga waɗancan sunaye harafi ɗaya ce. Saboda ma'aunin na da nauyi, akan fara tace layuka da fihirisa, sannan a auna 'yan kaɗan da suka rage.

Haruffa masu lanƙwasa ma na kawo cikas: ƙ, ɗ da ɓ na da lambobinsu daban da na k, d da b a tsarin Unicode, don haka neman Danladi ba zai fito da Ɗanladi ba. Ƙwararru kan ajiye gurbi na biyu inda aka daidaita rubutun kowane suna domin bincike, a bar na asali yadda mai shi ya rubuta. Alamar hamza da ke cikin Jema'a kuwa ita ce alamar rufe rubutu a harshen SQL, kuma tana iya karya umarnin bincike idan ba a miƙa sunan daban da umarnin ba. Wannan raba su da ake yi shi ne kuma ke toshe wa masu kutse ƙofa.

Akwai bambancin da lissafi ba ya kamawa. Al'ummomin da tsofaffin takardu suka kira Kataf, Kaje da Jaba suna kiran kansu Atyap, Bajju da Ham. Babu kamar haruffa tsakanin sunayen, sai an tanadi jadawalin sunaye masu nufin abu guda, aikin da ke buƙatar mutanen da suka san yankin da harsunansa.

Iyakar binciken suna

Mutum biyu kan yi suna ɗaya, shi ya sa manyan rajistoci ke jingina ga lamba, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bayarwa. Haka kuma da zanen yatsa da hoton fuska INEC ta tantance sabuwar rajista a 2022, inda ta soke rajista 2,780,756 marasa inganci. Binciken suna na da muhimmanci ne a inda lamba ta ɓata ko ba a taɓa ba da ita ba, kamar tsofaffin kundayen makarantu da asibitoci da ake mayarwa cikin kwamfuta.