AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ko Talaka Na da Ta Cewa a Dokar Miyagun Ƙwayoyi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Rano, ya rubuto cewa ƙaninsa ya faɗa shaye-shaye, an kama shi har sau biyu, amma da ya fito sai ya koma ruwa. Yana tambaya, shin wa ke tsara dokar ƙwaya a Nijeriya, kuma ko mutum irinsa na da hanyar sa baki a gyara ta?

AMSA: To Malam, Allah ya shirya mana. Kafin mu zo ga hanya, bari mu waiwayi tarihi, don ka ga cewa wannan doka ta sha canzawa.

Tun zamanin Turawa, a 1935, aka kafa dokar farko ta magunguna masu haɗari. Amma wadda ta shafi manoma kai tsaye ita ce dokar soja ta tabar wiwi ta 1966, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta, shekara 10 kuma ga wanda aka kama da ita. A 1975 aka sassauta, aka cire kisan, aka rage ɗaurin.

Da safarar hodar iblis ta yi ƙamari, sai gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta fito da dokar soja mai lamba 20 ta 1984, ta dawo da kisa. Ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe mutum uku a Ikko. Abin da ya tada hankalin jama'a shi ne an mai da aikin dokar baya, watau ta hau kan laifin da aka yi tun kafin a fito da ita. Lauyoyi da shugabannin addini da 'yan jarida suka yi caa. A lokacin babu majalisa, babu inda talaka zai kai kuka sai jarida, amma duk da haka kukan bai faɗi ƙasa banza ba: a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke kisan ta maye gurbinsa da ɗauri. A 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA da dokar soja mai lamba 48.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na kodin, maganin tarin nan da ya zama abin maye. Shekara da shekaru iyaye da malamai da ƙungiyoyin mata a Arewa suna kuka a masallatai da gidajen rediyo. A Disamba 2017 Majalisar Dattawa ta tattaro ta zo Kano takanas, ta zauna da jama'a a kan matsalar. A ƙarshen Afrilu 2018 gidan BBC ya nuna wani bincike kan yadda ake fitar da kodin ta bayan gida ana sayar wa matasa, kuma ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya Isaac Adewole ya ba da sanarwar hana yinsa da shigo da shi. Sai dai hanin bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Kwalba ta yi tsada a kasuwar bayan fage, ga kuma tiramol da sauransu nan birjik.

A nan ne maganar ƙaninka ta shigo. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Babu gidan yarin da zai ɗauki wannan taro. Don haka ake ta ja-in-ja: a ƙara tsanani ne, ko a bambanta dillali da mashayi, a hukunta wancan a yi wa wannan magani? A Mayu 2024 Majalisar Dattawa ta amince da kisa ga dillalai, amma a Nuwamba, bayan daidaitawa da Majalisar Wakilai, aka tsaya a ɗaurin rai da rai.

To ina hanyarka? Da farko kada ka tafi kai kaɗai, domin tsintsiya a ɗaure take shara. Ku zauna a ƙungiyarku ta manoma ko ta 'yan kasuwa, ku jawo dagaci da liman da iyaye mata, ku tsai da buƙata ɗaya. Alal misali, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware sun yi wa mutumin ƙauye nisa, sai ku nemi a buɗe sashen kula da mashaya a babban asibitin da ke kusa da ku.

Na biyu, ku rubuta, ko da Hausa ne, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ku riƙe kwafi. Abin da ya shafi hukunci ku kai wa ɗan majalisarku na tarayya, don dokar NDLEA ta tarayya ce. Abin da ya shafi asibitin jiha ku kai wa na jiha kafin a yi kasafin kuɗi.

Na uku, majalisa kan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta zartar da doka. In kun ji sanarwa, ku tura wakili ya faɗi abin da idonku ya gani. Lokacin zaɓe kuma ku tambayi mai neman ƙuri'arku inda takardarku ta kwana.

Mutanen 1985 sai bayan an harbe mutane suka sami bakin magana. Kai kuwa kana iya yin taka tun doka na kan tebur. Da fatan ka gamsu, Allah ya ba ƙaninka lafiya.