Yadda Aka Kafa Tsarin Bitar Direbobin Sadarwa a Linux

A shekarar 1991, sa'ad da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da zuciyar manhajar nan da ake kira Linux, shi kaɗai ne alƙalin kowane faci, wato gyara ko ƙari ga manhajar, da aka aiko masa, domin a lokacin aikin bai yi faɗin da zai gagari mutum guda ba. Amma da katunan sadarwa suka yawaita, kowanne kuwa yana bukatar direba, wato tafintan da ke isar da magana tsakanin ƙarfe da manhaja, sai ya zama wajibi a raba amana. Donald Becker, wanda ya yi aiki da hukumar NASA ta Amurka, shi ya rubuta da yawa daga direbobin farko. Alan Cox ya riƙe ragamar sashen sadarwa, daga bisani David Miller ya karɓa, ya yi shekara fiye da ashirin yana hidimarsa.

Dalilin tsananta bincike a wannan fanni a fili yake, domin direba a cikin zuciyar manhajar yake zaune, ta yadda kuskure ƙwaya ɗaya wajen sarrafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa yana iya durƙusar da na'ura baki ɗaya, ko ya buɗe wa ɓarawo ƙofa daga nesa. A 2004 aka shar'anta cewa duk wanda ya rubuta faci, da duk wanda facin ya bi ta hannunsa, lalle ne ya sa sunansa a ƙarƙashi, har abin ya yi kama da isnadin malaman hadisi, inda ake sanin wane ya karɓa daga wane. A 2005 Torvalds ya ƙirƙiro manhajar Git, inda ake taskance wannan silsila.

Sannu a hankali aka raba aikin gida biyu: reshe ɗaya na gyaran kurakurai, ɗaya na sababbin abubuwa, waɗanda ba sa shiga uwar manhaja sai cikin mako biyun da ake buɗe ƙofa, sa'an nan a yi ta gwaji har sabon bugu ya fito, mako tara ko goma bayan fitowar na baya. Da lodi ya ƙaru, Jakub Kicinski da Eric Dumazet da Paolo Abeni suka shigo suka kama wa Miller. Har yau kuwa, komai girman kamfanin da ya aiko da faci, sai ya yi haƙuri an karanta shi layi bayan layi, ya amsa tambayoyin masu bita, kafin a ba shi izinin shiga.