Iyakar da ke rubuce a jikin ƙarfe: yadda ake gane shekarun tsofaffin kayan aiki a ƙasar Bagudo

A ranar 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Paris, wadda ta raba ƙasar Borgu gida biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo kuwa suka zama na Ingila. Illo, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, tsohon zango ce ta fataken goro masu kai da komo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Layin da aka ja bai hana fatauci ba, sai dai ya sauya inda kaya ke fitowa. Wanda ya iya karanta tsohon ƙarfe zai ga sawun wannan rabo a akwatin makanike da rumfar tela da ke Bagudo ko Ka'oje ko Lolo.

A fara da abin da ya girmi iyakar, wato aikin maƙera. Kafin ƙarfen Turawa ya yawaita, daga tama ake fitar da ƙarfen fartanya da gatari da gizago. Irin wannan ƙarfe ba ya rabuwa da ragowar datti, shi ya sa idan tsatsa ta ci shi sai a ga zare-zare a jikinsa kamar na itace. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai maƙera suka koma wa guntayen dogo da sifirin ɗin mota, fitar da tama ta yi ta ja da baya. Laujen da aka ƙera da sifirin ba zai girmi zuwan mota ba, ko da an ce na kakan kaka ne. Ƙota kuwa ba ta shaida, domin gatari ɗaya yakan cinye ƙota goma.

Kayan da aka shigo da su sun fi sauƙin tuhuma, saboda suna ɗauke da tambari. Adda mai hoton kada ta kamfanin Martindale ce na Birmingham. Zarto ko magagari mai hoton zaki na gidan Peugeot ne, wanda ya yi rajistar wannan alama a 1858, tun kafin ya fara ƙera mota. Sunan ƙasa ma kalanda ne: duk abin da aka buga wa West Germany an yi shi ne tsakanin 1949 da 1990. Keken ɗinki na Singer mai harafin K a lambar samfurinsa daga masana'antar Clydebank ta Sikotlan ya fito, wadda aka rufe a 1980, kuma lambar da ke gindinsa tana nuna shekarar da aka yi shi.

Inda iyaka ta fi bayyana shi ne awo. Ɓangaren Ingila da inci yake aiki, na Faransa da milimita. Tsohuwar sifana mai harafin W tana bin tsarin Whitworth na 1841, kuma lambar da ke jikinta kaurin kusa take nufi, ba faɗin bakinta ba. Saboda haka wadda aka rubuta wa rabin inci bakinta ya zarce haka sosai. Nijeriya ba ta koma awon mita ba sai a shekarun 1970. Kayan lantarki ma haka suke: fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa na Ingila ne, an fito da shi a 1947, mai zagayayyun ƙafafu biyu kuwa shi ake amfani da shi a Jamhuriyar Benin. Injin huda ɗan Ingila da wayarsa ta asali ke da ja da baƙi da kore ya riga farkon shekarun 1970, lokacin da aka sauya launukan.

Sai dai a yi hattara. Tambari yana faɗin lokacin da abu ba zai girme shi ba, ba ranar da ya iso kasuwa ba. Kamfanin CFAO na Faransa ya yi ciniki a Nijeriya ma, motocin Peugeot kuma sun cika hanyoyinmu, don haka sifanar milimita kaɗai ba hujja ce ta tsallako iyaka ba. Akwai kuma jabu, musamman a tambarin kada. Masu tara irin waɗannan kaya ba sa yanke hukunci sai shaidu biyu ko uku sun haɗu: ƙarfe da tambari da awo, sannan bakin mai kayan.

Wannan shaida ta ƙarshe ita ce ta fi saurin gushewa. Rahotannin Turawan mulki sun cika da haraji da sarautu, ba su damu da abin da ke hannun manomi ba. Yau kuma 'yan gwangwan na bin ƙauyuka suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, uwar maƙera mai shekara ɗari da ruɓaɓɓen bokiti kuɗinsu ɗaya a kilo. Kafin a ɗora na gidanku a kan sikelin, ku goge tsatsar, ku ɗauki hoton tambarin, ku tambayi dattijon gidan a wace kasuwa aka saye shi, da sulai ko da faran.