Daga wasiƙar alƙalin Faransa zuwa makullin asusun banki

Wani ya rubuta wai lissafin jami'a ɓata lokaci ne, in ka iya ƙirga kuɗi ka gama. Malam, da waya kake tura kuɗi, kuma lissafin da ka raina shi ke hana ɓarawon intanet karanta lambar sirrinka.

Kun dai san lambobin da ba sa rabuwa, irin su 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Tun wajen shekara 300 kafin Miladiyya masanin lissafi Yuklid ya tabbatar ba su da iyaka. Amma gwanina shi ne Pierre de Fermat, alƙali a birnin Toulouse na Faransa. Mutumin nan ba malamin jami'a ba ne, in ya tashi daga kotu yake zama da lambobi, kuma bai damu da buga littafi ba, sai dai ya rubuta wa abokai wasiƙa. A watan Oktoba 1640 ya aika wa wani masanin lissafi, Frénicle, wata ƙa'ida. Ku gwada da 7: a jera 2 sau shida (wato 7 a cire 1) a ninka, a sami 64, a cire 1, saura 63, kuma 7 ta raba shi daidai. A jera 3 sau shida, 729 ne, a cire 1, 728, shi ma 7 ta raba shi. Haka abin yake ga kowace lamba mara rabuwa, muddin ita ba ta raba lambar da aka jera. Abin burgewa, bai ma aika da hujjar ba, wai tsawonta yake gudu! Sai a 1736 masanin lissafi Euler ya gabatar da hujjar, daga baya ya faɗaɗa ƙa'idar.

Masu cewa ai Fermat ya taɓa kuskure, gaskiya ne. Ya zaci 4294967297 ba ta rabuwa, Euler ya nuna 641 na raba ta. To sai me? Da alƙalami da takarda yake aiki, ba kwamfuta.

Sama da shekara 300 wannan ilimi na kwance, har masanin Ingila G. H. Hardy ya yi alfahari a 1940 cewa ba a samo masa amfanin yaƙi ba. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman na jami'ar MIT a Amurka suka gina tsarin kulle saƙo na RSA a kansa: ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon sai a shekara dubbai ana fama. Ni dai ina ganin an tauye Clifford Cocks, wanda ya riga su tun 1973 a hukumar leƙen asirin Birtaniya, aka rufe aikinsa sai 1997.

A 1985 Koblitz da Miller suka kawo hanyar lanƙwasassun layuka, irin wadda WhatsApp ke kulle saƙo da ita. A 1994 Peter Shor ya nuna babbar kwamfutar kwantom za ta iya fasa duka hanyoyin biyu. A watan Agusta 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle saƙo don tarar wannan barazana, masana kuma na ta gwada ƙarfinsu har yanzu.